Ra'ayinmu: A ƙara wa babur ƙwari, a bar ƙara masa gudu

Duk wanda ya zauna bakin titin da ya tashi daga Sinnar ya bi ta Mai Wurno zuwa Sinja da yamma, ya san ƙarar da muke nufi. Kafin ka ga babur ɗin ka ji shi, kai ka ce injin niƙa ne ya ɓalle ya hau kwalta. Yaro ne a kai, ɗan shekara sha bakwai ko sha takwas, ya kwanta a kan tanki, jallabiya na kaɗawa, ba hular kwano, wani lokacin ma ba lamba. An yanke salansa, an cire matatar iska, an sauya faifan sarƙa. In ka tambaye shi, sai ya ce maka an “buɗe” masa injin ne. Abin da ake gani ke nan a ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azrak, daga gefen Wad Madani da Hasahisa har Damazin da Rusairis. Muna ganin lokaci ya yi da za a zauna a yi maganarsa tsakani da Allah, domin abin ya taɓa jarin gida da ran mutum, ya kuma taɓa sunan al'umma.

Bari mu fara da ba babur haƙƙinsa. Abin da Hausar Kano ke kira babur, mu a nan mun fi saninsa da sunan da Larabcin Sudan ya ba shi, wato motar, tunda a bakin maƙwabtanmu babur injin ban-ruwa ne ko tarakta. Ko da wane suna aka kira shi, shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai manomi hawasha da asuba ta kan gaɓar tur'a inda mota ba ta bi. Shi ke ɗauko kifi daga bakin kogi ya kai kasuwa kafin rana ta ɓata shi, ya ɗauko albasa da tumatir da buhun riɗi, ya kai mai agashe da kayansa tasha. In naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare a kambon da ke nesa da kwalta, sau da yawa babu abin da ke tsakaninta da ungozoma sai babur ɗin maƙwabci. Tun bayan da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, motoci da yawa sun salwanta, man fetur ya yi tsada, kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, sai nauyin sufurin ƙauye ya ƙara komawa kan babur da raksha. Saboda haka ba mu cikin masu cewa a raba matasa da babur. Maganarmu a kan abin da ake yi wa babur ɗin ce bayan an saye shi.

Daga ina wannan ɗabi'a ta zo? Mafi yawanta daga waya. Yaranmu suna kallon bidiyon manyan baburan Turai da Japan a TikTok da Facebook, irin waɗanda aka ƙera don doguwar tafiya cikin sauri, kamar Yamaha FJR1300 ko Kawasaki Ninja 1000SX. Suna ganin mai babur ya cire salansar kamfani ya ɗaura ta Akrapovič ko Yoshimura, ya sa shok na Öhlins, ya kai babur an haɗa shi da kwamfuta an sauya lissafin man da injin ke sha. Wannan sana'a ce mai zaman kanta a can, kuma akwai masu iliminta. Sai dai abin da bidiyon ba ya nunawa ya fi abin da yake nunawa yawa. Injin waɗannan babura ya haura cc 1,000, ƙarfinsa ya kai na doki 140 ko kusa da haka, kuma ruwa ke sanyaya shi. Birkinsa na gaba faifai biyu ne, da na'urar ABS mai hana taya ƙamewa ta ja ƙasa. Tarayyar Turai ta wajabta wannan na'ura a kan sababbin baburan da suka haura cc 125 tun daga 2016, Indiya ma ta bi sahu. Wanda ya sauya salansa a can yakan ɗora babur a kan injin gwaji a auna iska da mai kafin ya hau titi, sannan ya hau da hular kwano da rigar fata, a kan kwaltar da ba akuya ba keken jaki, da motar asibiti da za ta iso cikin mintuna in ya faɗi.

Namu fa? Namu Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, mai cc 100 ko 150, ko kuma 'yan China da aka kwaikwayo daga Honda CG125. Ƙarfinsu daga doki 8 ne zuwa 12 ko ɗan sama da haka. Iska ke sanyaya injin, baƙin man da ke cikinsa bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma birkin yawancinsu na ganga ne gaba da baya. Tarihin CG125 ɗin nan ma darasi ne. Kafin Honda ta fito da shi a 1975, sai da ta tura injiniyoyinta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda talakawa ke lodin mutum uku da huɗu a babur guda, ba sa sauya baƙin mai a kan lokaci, ga ƙura. Suka koma suka ƙera injin mai sauƙin gyara da jure wahala, suka haƙura da gudu. Wato abin da ya sa babur ɗin ya dace da ƙasa irin tamu shi ne ainihin abin da yaranmu ke biyan kuɗi a cire masa.

Mu ɗauki gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, domin kada a ce faɗa kawai muke yi irin na tsofaffi.

Na farko, yanke salansa ko fasa cikinta. Mai babur yana jin ƙara ta ƙaru, sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Kunne ne ke ruɗin sa. Kamfani ya daidaita kafireta da salansa da matatar iska ne su yi aiki tare. In ka buɗe wa hayaƙi hanya ba ka taɓa kafireta ba, iska takan yi wa mai yawa a cikin injin, wutar ta yi zafi fiye da kima. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sinnar da Madani ke haura digiri 40, injin da iska ke sanyaya shi dama a bakin iyakarsa yake. Ƙarin zafin nan shi ke ƙona bawul, ya huda fistin, ko injin ya ƙame ana tsakar tafiya. Mai son ya gane halin da injinsa ke ciki, ya kwance filogi ya duba bakinsa: in ruwan ƙasa ne, lafiya lau, in baƙi ne da toka, mai ya yi yawa, in fari ne fat, to injin na cin kansa.

Na biyu, cire matatar iska, wai don injin ya “sha iska”. Wannan a ƙasar Jazira kashe kai ne ga injin. Baƙar ƙasar nan tamu da ke kama ƙafa da damina, da rani gari take zama, ga habub da ke tasowa kafin ruwa ya sauka. Ƙurar da ta shiga injin haɗuwa take da baƙin mai ta zama kamar takardar goge katako, ta cinye ringi da bangon bulok. Bayan 'yan watanni sai ka ga babur na fitar da shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai kamar ruwa, mai shi kuma yana zagin kamfani.

Na uku, faɗaɗa ramin bulok a sa babban fistin. Faɗin fistin na injin CG mai cc 125 milimita 56.5 ne, na mai cc 150 kuwa milimita 62. Wanda ya sayi cikakken bulok na 150 mai kyau ya ɗaura, ya daidaita kafireta, zai ga ɗan bambanci a jan kaya. Wanda kuwa aka rarake masa tsohon bulok ɗinsa don araha, bangon ya yi siriri, zafi ya rasa inda zai bi. Kuma ko an yi aikin daidai, kuloci da sarƙa da birki suna nan yadda kamfani ya auna su don ƙaramin injin.

Na huɗu, sauya faifan sarƙa da akwatin wutar da ake kira CDI. A nan lissafin a fili yake. A ce faifan gaba haƙori 14 gare shi, na baya 42: injin zai juya faifan gaba sau 3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. In ka mayar da na gaba 15, abin ya koma 2.8, wato ka sami ƙarin gudu na kimanin kashi 7 cikin 100 a kan miƙaƙƙiyar kwalta, ka kuma rasa kashi 7 na ƙarfin ja a cikin laka da yashi da hawan gaɓar tur'a. Babu abin da ka ƙara, musanya ka yi. Shi kuwa CDI ɗin da ake sayarwa da sunan na tsere, abin da yake yi shi ne cire iyakar juyawar injin, iyakar da aka sa don kada bawul da fistin su gwabza.

Akwai kuma ƙa'idar da babu makanikin da ya isa ya karya ta. Iska ce babbar mai riƙe babur in ya ɗauki gudu, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Don ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan ƙarshen gudunka, sai ka ƙara wa injin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Yanke salansa da ƙusa da guduma ba ya ba da wannan. Abin da yake bayarwa ƙara ce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a biya shi da tsawon ran injin.

To, a ce ma an samu gudun. Ina za a tsaya? Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, mai tafiyar 90 yana cin mita 25. Wannan kafin ma hannunsa ya kai birki ke nan. Bayan ya taka, nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake: in a gudun 60 mita 20 ta ishe ka, a gudun 90 sai mita 45. Haɗa su ka gani, wancan ya tsaya a mita 37, wannan sai mita 70, da birki iri ɗaya da taya iri ɗaya. A tsakanin mita 37 da 70 ɗin nan ne ake samun yaron da ya biyo akuya, da tsohuwar da ke tsallaka titi da tulu, da keken jakin da ba shi da fitila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Mu da muka san sunan da mutane suka laƙaba wa titin Khartoum zuwa Madani tun kafin yaƙi, titin mutuwa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Sannan a tuna da inda za a kai wanda ya faɗi. Wad Madani, wadda asibitocinta ke karɓar majinyatan yankin nan gaba ɗaya, ta faɗa hannun dakarun Da'amus Sari', wato RSF, a Disambar 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. Sinja ma ta fita hannun gwamnati daga Yunin 2024 zuwa Nuwamba. A tsakiyar yaƙin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake faɗa ba sa aiki. Ana farfaɗowa, amma kowa ya san likitan ƙwaƙwalwa da na ƙashi ba a kowane gari suke ba, jini da hoton kai ba a ko'ina ake samu ba. Karayar cinya guda tana iya cinye amfanin gonar shekara. In kuwa wani aka kaɗe ya mutu, dokar Sudan ta tanadi diyya, kuma babur ɗin da ba lamba ba inshora, dangi ne za su haɗa kuɗin, a sayar da shanu ko a jinginar da gona saboda ƙarar da yaro ya so 'yan mata su ji.

Akwai wani ɓangaren da ya fi waɗannan nauyi a wurinmu, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba. Mutanen Jazira da Sinnar da yawa sun ga masu ɗauke da bindiga sun shigo ƙauyukansu a kan babura sun kwashe dukiya. Tun kafin yaƙi ma, 'yan fizgen da ake kira tis'a ɗawila a Khartoum da babur suke aikinsu. Saboda haka a yau ƙarar babur marar salansa da dare tana tayar wa mutane da abin da suke ƙoƙarin mantawa, kuma babur marar lamba abin zargi ne a kowane irtikaz. Hukuma in ta gaji, ba ta tsayawa tantance na kirki da na banza. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ɗanɗana: an hana babur a Maiduguri a Yulin 2011, an hana acaba a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban masu neman halak suka wayi gari ba sana'a. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma muna da ƙarin dalili. Kakanninmu sun zauna a bakin kogin nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, kuma da guminsu aka noma audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Duk da haka, abin da ya faru a Nil Azrak a Yuli da Oktoban 2022, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu, ya nuna mana yadda ƙaramar magana ke zama babbar wuta in an sa mata sunan ƙabila. Yaron wani in ya kaɗe mutum, a ce yaro ya yi ganganci. Namu in ya kaɗe ɗan maƙwabta, akwai masu jiran su ce Hausawa ne. Wannan ba adalci ba ne, kuma za mu ci gaba da faɗar haka. Amma mai hankali ba ya miƙa wa mai neman sa da sharri sanda.

Mun san abin da matasa za su ce, kuma wani abin suna da gaskiya. Za su ce babur ɗin kamfani ba ya jan buhu biyu da mutum a cikin laka, dole a taɓa shi. Haka ne, amma gyaran da kaya ke buƙata kishiyar wanda ake yi ne: a ƙara haƙoran faifan baya, daga 42 zuwa 45 misali, babur ya ƙara ja, kuloci ya huta, gudu ya ɗan ragu. Za su ce a lokacin rashin tsaro gudu ne ke ceton rai. Wanda ya taɓa gudun ceton rai ya san abin da ya fi buƙata shi ne injin da zai tashi a bugu ɗaya, kada ya ƙame a tsakiyar daji, da tankin da bai zuƙe mai ba. Makanikai kuma za su ce su abin da aka biya su suke yi, in sun ƙi wani zai karɓa. Mun ji. Sai dai makanikin da ya yi suna da cewa injin da ya taɓa yana shekara uku bai buɗe ba, ba ya rasa ciniki a ƙauyen da kowa ya san kowa.

Ga gyaran da muke goyon baya, kuma a nan ne ya kamata kuɗin ya tafi. Tayoyi masu kyau da suka dace da ƙasa, a riƙa auna iskarsu. Lainin birki na asali da wayar birki sabuwa, a daidaita na gaba ya riƙa kamawa, domin shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, ko da yake da yawa daga cikin mahayanmu tsoron taɓa shi suke. Shok na baya mai ƙarfi ga mai lodi, da kariyar da aka yi wa walda mai kyau ba tare da an huda ko an yanke ƙashin babur ba. Fitilar gaba mai haske da aka saita ƙasa don kada ta makantar da mai zuwa, da jar fitilar baya mai aiki, da madubi biyu. Matatar iska a wanke ta ko a sauya ta akai-akai, musamman bayan habub. Baƙin mai na kirki a kan lokaci. Fetur ɗin jarka da ake saya a bakin hanya a tace shi kafin a zuba. Sai hular kwano, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Kuɗinta bai kai na salansar ado da CDI ɗin tsere a haɗe ba.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Makanikan kowace kasuwa su haɗu su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba mai yanke salansa, ba mai cire matata, ba mai taɓa lambar injin ko ta jiki, ba kuma mai karɓar babur ɗin da ba a san asalinsa ba, domin baburan sata sun yawaita bayan yaƙi. Uban da ya saya wa ɗansa babur don sana'a ya riƙa dubawa, tunda kunnensa kaɗai ya isa ya gaya masa ranar da aka fasa salansa. Masu unguwanni da shugabannin matasa su tsawata a kan tseren rakiyar amarya da na ranar Salla, inda aka fi yin asara. 'Yan sandan murur kuma muna roƙon su da su sauƙaƙa yin lamba da lasisi, su riƙa zuwa manyan kasuwannin ƙauye a ranakun da aka sanar, domin wanda zai kashe kwana biyu da kuɗin mota zuwa birni don takarda guda yakan haƙura da takardar. In doka za ta hau, ta hau kan mai ganganci, a bar mai kai kifi kasuwa ya ci abincinsa.

Ga matasanmu masu son injin kuwa, ba mu ce ku daina so ba. Wanda ya iya kwance kafireta ya mayar yana da baiwar da ƙasar nan ke nema ruwa a jallo, a daidai lokacin da injinan ban-ruwa da taraktoci da janaretoci ke jibge suna jiran mai gyara daga Managil har Damazin. Ku koyi aikin da ma'auni, ku san dalilin kowane ƙusa kafin ku kwance shi. Gwanin babur a wurinmu shi ne wanda ya fita da asuba da kaya, ya dawo gida da magariba da ciniki a aljihu, injinsa lafiya, bai sa uwar kowa kuka ba.